Duwatsun Azbin da Tsuntsayensu: Tarihin Wani Gandu da Darasinsa ga Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Burkusuma, a bakin iyakar Sabon Birni da Jamhuriyar Nijar, ya dubi arewa, ba zai hangi dutse ko ɗaya ba, sai gonakin gero da jigawa. Amma can bayan Agadas akwai duwatsun Azbin, waɗanda Gobirawa ke ambata duk sa'ad da ake zancen asali. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi tarihin ƙoƙarin da aka yi na kare waɗannan duwatsu da tsuntsayensu, mu nuna cewa doka ita kaɗai ba ta tsare daji in babu zaman lafiya da yardar mazauna wurin.

2.0 Azbin a Tarihin Gobir

Labaran baka na Gobir sun haɗu a kan cewa Gobirawa sun zauna a Azbin kafin Buzaye su rinjaye su. Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka a Takadda a 1353, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin. Haka kuma Heinrich Barth, da ya isa Agadas a 1850, ya ji labarin cewa ƙasar ta Gobirawa ce a da. Daga nan suka yi ta gangarowa kudu, suka zauna a Birnin Lalle, sa'an nan Alƙalawa, wadda ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri, daga bisani kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Ƙaurar ba ta yanke zumunci ba, domin ayarin Azbinawa bai fasa kawo gishirin Bilma da dabino ƙasar Hausa ba, yana komawa da gero da tufafi.

3.0 Yanayin Duwatsun da Tsuntsayensu

Azbin tsauni ne a tsakiyar hamada. Ƙololuwarsa, watau Idukal-n-Tages a kan Bagzan, ta kai mita 2,022, kuma babu inda ya fi ta tsawo a duk Nijar. Ruwan da ke sauka a kan duwatsun yakan gangaro cikin kwaruruwa, ya kwanta ƙarƙashin rairayi ko cikin kududdufan dutse, shi ya sa aduwa da goriba da magarya ke tsiro a inda ba a zata ba, a can bisa kuma har da zaitun na daji.

Wannan inuwa da ruwa su ne amfanin wurin ga tsuntsaye. Ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da kaka, bayan sun ƙetare Bahar Rum da Sahara, a nan sukan yada zango kafin su wuce kudu, da bazara kuma su sake bi ta nan. Ban da baƙi, akwai 'yan gida irin su tuje da ungulu, a da kuma har da jimina, wadda takan yi kiwo a filayen gindin duwatsun. Irin wannan arziki ne ya sa Angus Buchanan ya taso daga Kano ya shiga Azbin a 1920, yana tara tsuntsaye domin gidan ajiyar Lord Rothschild da ke Tring a Ingila.

Jimina kuwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A ƙarni na 19 gashinta na cikin manyan hajojin da ake ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, kuma da shi ake ƙawata takalma da mafitan sarauta. Ciniki da bindiga, da faɗaɗar gonaki, su suka kore ta daga ƙasarmu, har Azbin ya zama ɗaya daga cikin mafakarta na ƙarshe a Afirka ta Yamma.

4.0 Kafa Gandun

Farin da aka yi tsakanin 1968 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun halaka dabbobin gida da na dawa. Daɗin daɗawa, haƙar yuraniyam da aka soma a Arlit a 1971 ta kawo motoci masu ratsa rairayi, farauta ta tashi daga ta ƙafa da raƙumi ta koma ta mota. Ganin haka, gwamnatin Nijar, da taimakon ƙungiyoyin WWF da IUCN, ta kafa gandun Azbin da Tenere a 1988. Faɗinsa murabba'in kilomita 77,360 ne, ya haɗa gabashin duwatsun, har da Tamgak, da wani yanki na hamadar Tenere.

Abin lura shi ne ba a tashi mutane ba. An bar makiyaya da masu lambuna na Iferwan da kewaye a wurarensu, aka hana farauta, aka taƙaita saran itace, aka kuma koya wa magina yin ɗakin ƙasa ba da azara ba don a rage wa itatuwa nauyi. A 1990 an ƙiyasta jiminun wurin da kimanin 1,600. A 1991 UNESCO ta sa gandun cikin jerin kayan gadon duniya.

5.0 Yaƙi da Ɓacewar Jimina

Murnar ba ta daɗe ba. Tawayen Azbinawa ya ɓarke a 1990, duwatsun suka zama sansanin mayaƙa, ma'aikatan gandun suka janye. A 1992, shekara ɗaya tak bayan karramawar, aka mai da wurin cikin jerin kayan gadon da ke cikin haɗari, bisa roƙon gwamnatin Nijar da kanta. Kafin a sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Afrilun 1995, masu bindiga sun kusa gamawa da jimina, domin tsuntsu ne babba, ba ya tashi sama, ba shi da maɓoya a fili. Abin da ya rage sai 'yan ƙalilan da ake kiwo a killace a Iferwan da Kelle da Maine-Sorowa, da fatan wata rana a mai da zuriyarsu daji. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, da rububin haƙar zinariya da ya soma a arewacin Nijar a 2014, sun ƙara jinkirta farfaɗowar gandun.

6.0 Darasi ga Gobir

Muna ganin darasi biyu a nan. Na farko, hatimin hukuma ba ya gadin daji. Mun shaida haka a gida: dajin Gundumi, wanda Clapperton ya ratsa a 1824 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya zama maɓoyar 'yan bindiga a shekarun da hare-hare suka tsananta a Isa da Sabon Birni, kamar 2021. Inda manomi ba ya iya zuwa gonarsa, malamin daji ba zai iya zuwa aikinsa ba.

Na biyu, kariyar da ta fi ƙarko ita ce wadda ta zauna a zukatan jama'a. Shamuwa takan yi sheƙa a tsakiyar garuruwanmu, ba wanda ke jifarta, domin ana ɗaukar ta mai busharar damina. Babu wata doka da aka rubuta a kan haka, amma ga shi ta wanzu, jimina kuwa da dokarta ta tafi.

7.0 Kammalawa

Tsuntsun da ya sha ruwa a kwarin Azbin yana bukatar fadama da itace in ya iso kudu, kuma fadamun gulbin Rima na cikin irin wuraren da yake nema. Saboda haka kare can bai wadatar ba in nan ya lalace. Muna ba da shawara ga jami'o'in Sakkwato da Maraɗi da Agadas su haɗa hannu wajen tattara sunayen tsuntsaye da al'adun da ke kare su daga bakin dattawan ɓangarorin biyu na iyaka, tun waɗanda suka san su suna raye. Sarakunan Gobir na Sabon Birni da Tsibiri kuwa, su ne suka fi cancanta su jagoranci wannan aiki, tun da ƙasar kakanninsu ake magana a kai.