Makunnin da aka ara daga cutar kabeji

Kowace ƙwayar halitta da ke jikin shuka tana da wani ɗan yanki na DNA a gabanta, wanda ke yanke hukuncin yaushe za ta yi aiki, da kuma a ina: saiwa, ganye ko fure. Makunni ne. Masana da suka fara dasa ƙwayoyin halitta cikin shuke-shuke a farkon shekarun 1980 sun gano cewa baƙuwar ƙwaya ba ta motsi sai an haɗa ta da makunnin da shuka za ta saurara.

Amsar ta fito daga bairas ɗin da ke dabbare ganyen farin kabeji, wanda darɓa ke yaɗawa. A 1968 Robert Shepherd na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa DNA ne da shi, saɓanin sauran bairas na tsirrai da aka sani a lokacin. A 1980 masana a Strasbourg ta Faransa suka karanta jerin haruffansa, kimanin 8,000. Sai a 1985 Joan Odell, Ferenc Nagy da Nam-Hai Chua na Jami'ar Rockefeller suka tantance iyakar makunnin da ake kira 35S.

Bairas ba ya neman izini. Makunninsa yana jawo sunadaran shukar da ke karanta DNA, ya sa su aiki kusan a ko'ina, dare da rana. Abin da masu ƙirƙirar iri ke nema ke nan. Monsanto ta samu takardar mallakarsa a 1994, kuma waken suyan Roundup Ready da ya shiga gonakin Amurka a 1996 da shi yake aiki, haka ma masarar MON810 mai kashe tsutsa.

Amma makunnin da ba ya mutuwa yana da tsada. Shuka takan ɓarnatar da ƙarfi tana sarrafa sinadari inda ba a buƙatarsa, wani lokaci kuma ta ɗauke shi baƙo ta toshe shi da kanta. Shi ya sa bincike ya karkata ga makunnan da ke aiki a tsaba kaɗai, ko lokacin fari.

Yawan amfani da shi ya mayar da shi lamba. Masu binciken abinci sukan fara neman 35S don gane kayan da aka sauya wa halitta, sai dai kabejin da ya kamu da cutar a gona shi ma yana ɗauke da shi, dole a sake gwaji na biyu.