3.2 Diana Ross Bayan Rabuwarta da Ƙungiyar Supremes

A wannan sashe za a duba yadda Diana Ross ta bar ƙungiyar mawaƙa mata ta Supremes ta fara cin gashin kanta. An haife ta a birnin Detroit na ƙasar Amurka a shekarar 1944. A shekarar 1961 kamfanin buga faifai na Motown, mallakar Berry Gordy, ya ɗauki ƙungiyar tasu, wadda ta haɗa da Florence Ballard da Mary Wilson. Daga 1964 zuwa 1969, waƙoƙinsu 12 ne suka zo na ɗaya a babban jadawalin mujallar Billboard.

Sai dai kuma rabuwar ba rana ɗaya ta faru ba. Tun a 1967 Gordy ya sanya sunan Ross a gaban na ƙungiyar, aka kuma sallami Ballard, aka maye gurbinta da Cindy Birdsong. Wannan ya share wa Ross fage, domin masu sauraro sun saba da jin sunanta tun kafin ta fita. Ta yi wasanta na ƙarshe da ƙungiyar a Las Vegas ranar 14 ga Janairu, 1970.

Waƙarta ta farko ita kaɗai ta tsaya ne a matsayi na 20. Amma ta biyun, wato "Ain't No Mountain High Enough", ta zo ta ɗaya a wannan shekara. A 1972 ta fito a matsayin mawaƙiya Billie Holiday cikin fim ɗin "Lady Sings the Blues", har aka sanya ta cikin 'yan takarar kyautar Oscar. A 1981 ta bar Motown ta koma kamfanin RCA bisa yarjejeniyar kimanin dala miliyan 20.

Su kuwa waɗanda ta bari, ba su sake zuwa na ɗaya a wancan jadawali ba har ƙungiyar ta watse a 1977. Ballard ta rasu a 1976 tana da shekara 32, bayan ta sha fama da talauci.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa ɗaukakar Ross ba daga baiwar murya kaɗai ta samo asali ba. Kamfani ne ya zaɓe ta, ya zuba mata jari, alhali abokan tafiyarta ba su sami irin wannan gata ba.