Aikatau Mai Jela a Bakin Ma'aikacin Dareta: Martani ga Masu Cewa Bahaushe na Kauce Masa

Tun bayan Dagut da Laufer (1985) ake ɗauka cewa magana ta ƙare: ɗalibin da harshensa ba shi da aikatau mai jela irin na Ingilishi, wato su *dig up* da *wash off*, zai riƙa kauce musu ya nemi kalma tilo. A kan masu jin Ibrananci suka yi bincikensu. Amma sau da yawa akan ɗora wa Bahaushe wannan hukunci kai tsaye, a miƙa wa ma'aikaci jerin kalmomi ya haddace, sai ka ce bai taɓa cin karo da ma'anar ba. A ganina an yi gaggawa.

Mu ɗauki Dareta da ke ƙaramar hukumar Anka. A 2010 gubar dalma, wadda ta fito daga niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama jinyar yaran, TerraGraphics da Blacksmith Institute suka jagoranci tsabtace gidaje tare da ma'aikata 'yan ƙasa. Aikin kansa shi ne a kankare ƙasar tsakar gida, a kwashe, a zubar a ramin da aka tanada, a kawo sabuwa. Da Turanci *scrape off* ne, da *haul away*, da *bring in*. To, bisa azuzuwan da Parsons (1960) ya kasa aikatau na Hausa, harshen na ɗauke da waɗannan ma'anoni a ƙarshen aikatau: aji na huɗu na gamawa ƙaf ne, kamar kankare da kwashe, na biyar na rabuwa da abu, kamar zubar, na shida na nufowa, kamar kawo. Abin da Bature ke rataya wa aikatau daga baya, Bahaushe a jikinsa yake ɗinke shi. Wurin ajiya ne ya bambanta.

Mai ja da ni zai kawo Hulstijn da Marchena (1989), kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ɗaliban Holan suna da irin wannan gini a harshensu, amma sun guji wasu daga cikin na Ingilishi don sun yi kama da nasu ƙwarai, suna tsoron fassarar baki da baki. Ashe ke nan kamanni ba ya ba da tabbacin sauƙi. Na yarda da rabin wannan. Sai dai kamannin da ya tsorata Baholande na sauti ne, kalma da kalma. Kwashe da *haul away* ba su haɗa komai a kunne ba, don haka da wuya irin wancan zargi ya taso. Mai yiwuwa ma matsalar Bahaushe ita ce ba a taɓa nuna masa dangantakar ba.

A nan ya zama dole in rage faɗin iƙirarina. Azuzuwan Parsons suna taimakawa ne inda jelar ke nuna alkibla ko kammalawa. Ma'aikaciyar lafiya da ke bibiyar yaro bayan an ba shi maganin fitar da dalma tana buƙatar *follow up* da *carry out*, kuma babu ajin da zai buɗe mata su. Liao da Fukuya (2004) sun sami cewa masu matsakaicin Turanci sun fi gudun irin waɗannan masu ɓoyayyar ma'ana. Su kam sai an koye su cikin jimlolin takardun aikin da ake cikewa kullum, a zaɓo daga aikatau masu jela 150 da Garnier da Schmitt (2015) suka tace. Na alkibla kuwa a fara su daga Hausar ma'aikacin.