Marayun Kruger

Na taɓa tsayawa a bakin kogin Gaji, a dajin Yankari, ina kallon garken giwaye suna ƙetarewa. Wata tsohuwa ce a gaba. In ta tsaya kowa ya tsaya, in ta ɗaga hanci tana shinshinar iska sai ƙanana su shige ƙarƙashin iyayensu. Ita ce ke faɗo mini a rai duk sa'ad da aka ambaci gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu.

A farkon ƙarni na ashirin, mafarautan haure sun kusa ƙarar da giwayen wannan yanki. Da aka kafa gandun a 1926, farauta ta zama haram a cikinsa, giwaye suka riƙa shigowa daga Mozambik suna hayayyafa. A 1967 aka ƙirga su daga jirgin sama, aka samu fiye da 6,500. Hankalin hukumar gandun ya tashi, domin babbar giwa kan ci sama da kilo 100 na ganye a yini, ta ɓare bawon kuka, ta tuge itace. Sai aka yanke cewa dajin ba zai ɗauki fiye da kimanin 7,000 ba. Abin da ya haura, rabon harsashi ne.

Daga 1967 zuwa 1994 an kashe giwaye fiye da 14,000. Jirgi mai saukar ungulu ne ke tattaro garke guda, a harbe su uwa da 'ya'ya, a kai naman mayankar Skukuza da ke cikin gandun. Wasu ƙanana akan bar su da rai, a tura su wasu dazuzzukan.

Cikin waɗannan marayu akwai waɗanda aka kai gandun Pilanesberg, inda babu toron giwa ko ɗaya. Suka tashi ba mai kwaɓa. Zafin barbara ya kama su tun shekarunsu ba su kai ba, suka huce a kan karkanda, suka kashe fiye da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye shida daga Kruger. Ganin manya kawai ya sa samarin suka shiga taitayinsu, kisan ya tsaya.

Kafin nan an riga an dakatar da harbin, bayan matsin lambar masu kare haƙƙin dabbobi. Giwaye suka ninka, gardama ta dawo. Masu kula da daji suka ce tausayin giwa ɗaya zai cinye itatuwan da tsuntsu da gada suka dogara da su. 'Yan rajin dabbobi suka ce dabbar da ke juyayin mamacinta ba abar lissafi ba ce. A 2008 gwamnati ta halatta harbi, amma sai in duk wata dabara ta ƙare. Kruger kuwa ta koma rufe mashayan ruwa da aka haƙa, don rage ɓarnar giwaye.

Ban ɗauki masu harbin nan a matsayin mugaye ba. Dajin suke ji wa tsoro. Haka kuma ba na raina kukan manomin da giwa ta tattake masa gona a dare ɗaya. Kuskuren masu harbin shi ne sun ƙirga kawuna, ba su ƙirga tarbiyya ba. Wanda ya harbe tsohuwar da ke gaban garke ya binne sanin hanyar ruwa da ladabin da ƙanana za su gada, kuma karkandan Pilanesberg ne suka biya bashin.