BABI NA UKU: YADDA GWAMNATI TA TAFIYAR DA BUƊE MAKARANTU A NIJERIYA LOKACIN ANNOBAR KORONA (2020 – 2021)

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin ɓullar cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019, da yadda ta watsu har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020. Shi kuwa wannan babi zai duba yadda gwamnatin Nijeriya ta tafiyar da sha'anin sake buɗe makarantu bayan ta rufe su saboda wannan annoba. Za a bi al'amuran daki-daki kamar yadda suka faru, tun daga watan Maris na 2020 har zuwa watan Janairu na 2021. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, jadawalin jarrabawa da matsin lambar jihohi su ne suka fi tasiri wajen tsayar da ranar buɗe makarantu, fiye da yanayin cutar ko shirin da makarantun suka yi.

3.1 Waiwaye: Cutar Ebola ta 2014

Korona ba ita ce cuta ta farko da ta taɓa hana yara zuwa makaranta a ƙasa baki ɗaya ba. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas daga ƙasar Laberiya, lokacin makarantu suna dogon hutu. A ƙarshen watan Agusta, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya ba da sanarwar ɗage komawa makarantu zuwa 13 ga Oktoba. Ba a jima ba sai aka dawo da ranar baya zuwa 22 ga Satumba, abin da Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, wato NUT, ta nuna rashin amincewa da shi, bisa hujjar cewa ba a wadata makarantu da kayan kariya ba. A ranar 20 ga Oktoba aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da Ebola.

Abubuwa biyu ne suka bayyana a wannan ɗan lokaci, wato sauya rana bayan an riga an sanar da ita, da kuma saɓani a kan ko makarantu sun shirya. Kamar yadda za a gani a gaba, su ne suka sake dawowa bayan shekara shida, amma da girman da ya ninka na farko.

3.2 Rufe Makarantu

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. A watan Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin yaƙi da cutar a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha. Ranar 18 ga Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka yi taro a Kaduna, suka yanke shawarar rufe makarantunsu na kwana 30 daga ranar 23 ga wata. Kashegari Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe duk makarantun ƙasar, tun daga firamare har jami'a, ciki har da kwalejojin gwamnatin tarayya guda 104. A ranar da aka ba da wannan umarni, mutum 12 kacal aka tabbatar suna ɗauke da cutar a faɗin ƙasar. Ita ma Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, ta ɗage jarrabawar kammala sakandare wadda aka shirya farawa a watan Afrilu.

Rufewar ta tafi salin-alin, babu jihar da ta yi jayayya. Sai dai a nan ya kamata a lura da wani abu. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke tarayya a kansu, kuma mafi yawan makarantun firamare da sakandare na gwamnati suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Ke nan gwamnatin tarayya tana iya ba da umarni, amma ruwan wanke hannu da ƙarin azuzuwa da albashin malamai ba daga hannunta za su fito ba. Rufe ƙofa ba ya bukatar kuɗi, buɗe ta kuwa yana bukata. Wannan shi ne tushen yawancin rikicin da ya biyo baya.

3.3 Zaman Gida

Kwana 30 da aka ɗiba sun wuce ba tare da an koma ba, domin a ƙarshen watan Maris an sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, sannan a watan Afrilu cutar ta ɓulla a Kano, ita ma aka kulle ta. Domin cike giɓi, jihohi da dama, kamar Kaduna da Kano da Legas, sun riƙa gabatar da darussa ta rediyo da talabijin, manyan makarantun kuɗi kuma suka koma koyarwa ta intanet. Wannan dabara ta amfani waɗanda suke da hali. Yaron da babu wutar lantarki a garinsu, ko kuma rediyon gidansu ɗaya ne kuma yana hannun mahaifi, karatunsa ya tsaya cak. Malaman ƙananan makarantun kuɗi kuwa da yawansu sun shafe watanni babu albashi, tun da da kuɗin makaranta ake biyan su.

A Arewa al'amarin ya ɗauki wani salo na daban game da makarantun allo. A watan Afrilu Ƙungiyar Gwamnonin Arewa ta amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. An kwashi dubban yara a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, kuma jihohi irin su Kaduna da Jigawa sun ba da sanarwar samun masu ɗauke da cutar a cikin waɗanda aka kai musu. Bambancin a fili yake. Ɗan makarantar boko an ce ya zauna gida kafin a sanar da ranar komawa, shi kuwa almajiri an sallame shi ne ba tare da maganar wata rana ba.

3.4 Taƙaddamar Watan Yuli

Babu lokacin da ya fi fito da yadda aka tafiyar da wannan lamari kamar watan Yuli na 2020. A ranar 29 ga Yuni kwamitin shugaban ƙasa ya ba da izinin komawar 'yan azuzuwan ƙarshe, wato aji shida na firamare da aji uku na ƙaramar sakandare da aji uku na babbar sakandare, domin shirin jarrabawa. Ranar 6 ga Yuli Ƙaramin Ministan Ilimi, Chukwuemeka Nwajiuba, ya sanar da cewa za a yi jarrabawar WAEC daga 4 ga Agusta zuwa 5 ga Satumba. Kwana biyu kacal bayan haka, ranar 8 ga Yuli, Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya fito daga taron Majalisar Zartaswa ta Tarayya ya shaida wa manema labarai cewa ba za a buɗe kwalejojin tarayya ba, kuma ɗalibansu ba za su zauna jarrabawar ba. Ya nuna cewa gara a yi asarar shekarar karatu guda da a jefa rayukan yara cikin haɗari, kuma ba hukumar WAEC ce za ta tsayar wa Nijeriya ranar buɗe makarantunta ba. Ya kuma roƙi jihohin da suka riga suka shirya buɗewa da su sake tunani.

Wato a cikin mako guda ma'aikata ɗaya ta yi magana da baki biyu. Iyaye sun fara haɗa kayan 'ya'yansu, shugabannin makarantu sun fara share azuzuwa, sai ga sanarwa ta biyu ta rushe ta farko.

Jihohi sun rabu gida biyu. Kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa 19 sun goyi bayan Ministan. Jihohin Kudu maso Yamma guda shida kuwa suka ce ɗalibansu za su zauna jarrabawar, har ma jihar Oyo ta riga ta mayar da 'yan azuzuwan ƙarshe tun 6 ga Yuli. Majalisar Wakilai da masu makarantun kuɗi su ma sun nemi a janye matakin. Hujjar kowane ɓangare tana da nauyi. Masu goyon bayan Ministan suna kallon cunkoson azuzuwa da ɗakunan kwana, da rashin ruwa a makarantu da yawa. Masu adawa kuma suna cewa jarrabawar ta ƙasashe biyar ce, wato Nijeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, kuma Gana ta riga ta mayar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare tun watan Yuni. Idan aka yi ta ba da Nijeriya ba, ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi za su rasa takardar shiga jami'a ta wannan shekara.

A tsakiyar watan ne Ma'aikatar ta fitar da kundin ƙa'idojin buɗe makarantu. Daga cikinsu akwai ba da tazarar mita biyu tsakanin ɗalibai, da sa takunkumi, da tanadar ruwa da sabulu, da auna zafin jiki, da raba ɗalibai zuwa 'yan safe da 'yan yamma ko kuma a riƙa zuwa rana bayan rana. Ƙa'idojin suna da kyau a takarda, amma aiwatar da su an bar wa masu makarantun ne. Ajin da aka saba cusa yara 80 ko 100 ba zai ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba idan aka bi tazarar mita biyu.

Daga ƙarshe, ranar 27 ga Yuli, bayan taro da kwamishinonin ilimi na jihohi da sauran masu ruwa da tsaki, Ma'aikatar ta sanar da cewa 'yan azuzuwan ƙarshe na sakandare za su koma ranar 4 ga Agusta, a fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga wata. Idan aka jera alƙaluma za a ga abin lura. An rufe makarantu masu cutar suna 12, an ƙi buɗewa ranar 8 ga Yuli suna wajen 30,000, sannan aka buɗe ranar 4 ga Agusta sun haura 40,000. Ke nan ba sauƙin cutar ne ya kawo buɗewar ba. Jarrabawar da aka ce ba za ta tsayar da rana ba, ita ce ta tsayar da ita.

3.5 Buɗewa Daki-Daki

An kammala jarrabawar WAEC ranar 12 ga Satumba, kuma ba a ga mummunar ɓarkewar da ake tsoro a tsakanin ɗalibai ba. Wannan ya ƙarfafa wa jihohi gwiwa. Legas ta buɗe firamare da sakandare ranar 21 ga Satumba. A farkon Oktoba Ministan Ilimi ya sanar da buɗe kwalejojin tarayya ranar 12 ga wata, ya bar wa jihohi su tsayar da nasu ranakun. Kano ta buɗe nata a daidai wannan lokaci, tare da raba ranakun mako tsakanin azuzuwan firamare domin rage cunkoso.

Tsarin da aka bi ya nuna wanda aka fifita. Mai jarrabawa a gabansa ya koma a Agusta, shi kuwa ɗan aji ɗaya ko biyu na firamare, wanda yake koyon haɗa baƙi da wasali, ya yi kusan wata bakwai a gida. Alhali kuwa shi ne ya fi saurin mance abin da ya koya, kuma shi ne darasin rediyo bai amfana ba. Jami'o'in tarayya kuwa matsalarsu biyu ce, domin ƙungiyar malamansu ta ASUU ta shiga yajin aikin sai-abin-da-hali-ya-yi ranar 23 ga Maris, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba.

3.6 Zagaye na Biyu

A watan Disamba cutar ta sake tasowa da ƙarfi. Jihar Kaduna ta rufe makarantunta a tsakiyar watan, sannan kwamitin shugaban ƙasa ya ba da umarnin kada a koma hutun ƙarshen shekara sai 18 ga Janairu, 2021. A daidai wannan lokaci ne, ranar 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, abin da ya sa wasu jihohin Arewa maso Yamma suka rufe makarantun kwana. Daga nan dalilin rufe makaranta a wannan yanki ya zama biyu, cuta da rashin tsaro.

Mako guda kafin 18 ga Janairu, Ministan Ilimi ya ce za a sake duba ranar saboda ƙaruwar masu kamuwa. Bayan 'yan kwanaki Ma'aikatar ta tabbatar da ranar kamar yadda take, duk da cewa kwamitin ilimi na Majalisar Wakilai ya nemi a ɗage da wata uku. Wasu jihohi, kamar Kaduna da Edo, sun jinkirta zuwa Fabrairu. Abin da ya faru a Yuli ne ya maimaita kansa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda aka rufe makarantun Nijeriya da murya ɗaya a watan Maris na 2020, amma aka buɗe su da muryoyi daban-daban. An ga cewa gwamnatin tarayya ta sauya matsayinta sau biyu a cikin watan Yuli kaɗai, kuma jarrabawar WAEC da matsin jihohi su ne suka rinjaye ta. Ba za a ce tsoron da Ministan ya nuna ba shi da tushe ba, domin a lokacin babu allurar rigakafi, kuma halin da makarantun gwamnati suke ciki ba ɓoyayye ba ne. Inda gizo ya yi saƙar shi ne, watannin da aka yi a rufe an ɓatar da yawancinsu ne a kan muhawarar rana, ba a kan samar da ruwa da azuzuwa ba. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan su ne ƙananan yaran firamare da 'ya'yan talakawa da almajirai. Babi na gaba zai duba irin tasirin da wannan dogon hutu ya yi a kan karatun ɗalibai bayan sun koma aji.