Hoton da ba ya nuna bango

Bara na raka kawuna daga ƙauyenmu, tsakanin Tasawa da Mayahi, zuwa ganin likita a Maraɗi saboda ciwon ƙirji. Ni ne tafinta. Likita ya ce da Faransanci jijiyar da ke ciyar da zuciya ta tsuke, sai an tura shi gaba a saka masa "stent". Kawu ya juyo: "Mi ya ce? Ƙaƙa za su gani cikin jijiya?" Na ce masa da hoto. Amsar ba ta ishe shi ba, ni ma haka.

A bakinmu radiyo hoto ne, eko ma hoto ne. Da na bi tarihin abin sai na tarar kalma ɗaya ta rufe abubuwa biyu.

Na farko inuwa ce. A 1929 Werner Forssmann, a Jamus, ya zura siririn tiyo ta jijiyar hannunsa har zuciya, ya je ya ɗauki radiyon kansa. A 1958 a Cleveland, Mason Sones ya ga ruwan da ke sa jijiya ta fito a hoto ya shiga jijiyar zuciyar wani majinyaci bisa kuskure, mutumin kuma bai mutu ba. Da irin wannan hoton Jacques Puel ya saka ragar ƙarfe ta farko a Toulouse a 1986. (Sunan ragar ma, yawanci ana danganta shi da Charles Stent, likitan haƙori a Landan. Kalma dai ba ta zama inda aka haife ta.)

To amma inuwa hanyar jini kawai take nunawa, ba ta nuna bangon jijiya. Kamar ka leƙa rijiya daga sama: ka ga ruwa, ba ka ga inda ginin ya tsage ba. Hoto na biyu shi ne mai shiga rijiyar: ƙaramar na'urar eko a bakin tiyo, tana duba bango daga ciki. Da ita Antonio Colombo ya nuna a Milan, wajen 1995, cewa raga da yawa da inuwa ta ce sun zauna daidai ba su gama buɗewa ba, kuma a nan jini ke daskarewa. Daga baya aka samu OCT, mai aiki da haske, ya fi eko fito da ƙananan abubuwa amma bai kai shi nisa cikin bango ba.

A mota muna komawa na gwada wa kawu misalin rijiya. Ya yi shiru har muka wuce Gazawa, sannan ya ce: "In mun je can, ka tambaye su wane iri gare su."