Daga Gindin Tsamiyar Garkida: Tarihin Kafuwar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya

Ranar 17 ga Maris, 1923, da sassafe, wasu Turawa biyu 'yan Amurka suka tara ma'aikatan da suka ɗauka aikin gini a gindin wata tsamiya a Garkida, kusa da kogin Hawul. Aka karanta Littafi Mai Tsarki, aka yi addu'a, sannan kowa ya kama aiki. Babu majami'a, babu benci, babu ƙararrawa, kuma cikin 'yan ƙasar da ke tsaye a wurin babu ko ɗaya da aka yi wa baftisma. Daga wannan ɗan taro ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, take ƙirga shekarunta.

Turawan biyu su ne Harold Stover Kulp da Albert Helser. Ɗarikar 'Yan'uwa da ta aiko su ta samo asali ne a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus a 1708, inda mutum takwas, ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, suka yi baftisma a kogin Eder. Tsanani ya kore su zuwa Amurka, suka tafi da al'adun da har yau ake gani a EYN. Suna yi wa babba baftisma ta nutsarwa sau uku, suna wanke wa juna ƙafafu kafin Jibin Ubangiji, suna cin abincin ƙauna tare, kuma ba su yarda da ɗaukar makami ko ramuwa ba. Wannan na ƙarshe shi ne zai zama babbar jarrabawar jikokinsu na Nijeriya bayan shekara casa'in.

Farkon bai zo da sauƙi ba. Biu suka nufa, amma a lokacin gwamnatin mulkin mallaka ba ta son ganin 'yan mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci, don haka suka sauka a Garkida, cikin Burawa. A 1924 matar Kulp, Ruth Royer Kulp, ta rasu a can tare da jaririnta, tun ba ta cika shekara a ƙasar ba. Asibitin Garkida sunanta ya ɗauka daga baya. Kulp bai bar aikin ba. Shi da abokinsa suka duƙufa koyon Buranci, suna rubuta shi, suna fassara sassan Littafi Mai Tsarki. Sai a 1927 aka yi baftisma ta farko, ta mutum huɗu, cikinsu har da Risku Madziga da Pilesar Sawa. Shekara huɗu, mutum huɗu. Da yayyafi kogi kan cika.

Aikin mishan ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku, wato makaranta da asibiti da majami'a. A 1927 aka buɗe tashar Lassa cikin Margi, sannan Marama, sai Chibok a 1941, daga baya Gulak da Shafa da Mubi da Uba. A 1952 aka kafa makarantun Waka kusa da Biu, waɗanda suka yaye malamai da ma'aikata masu ɗimbin yawa na Arewa maso Gabas. Asibitin Lassa kuwa duniya ta san sunansa ta hanya mai ban tausayi, domin a can ne wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wata baƙuwar cuta a 1969, ta rasu, cutar kuma ta ɗauki sunan garin, zazzaɓin Lassa.

Wurin da ya fi kowanne tasiri a yaɗuwar ekklesiyar shi ne mazaunin masu cutar kuturta da aka buɗe a Garkida a 1929. Mutane daga ƙabilu iri-iri suka yi ta zuwa neman magani, wasu bayan danginsu sun guje su. Sukan yi shekaru a can, su koyi karatu, su koyi waƙoƙi, su ji wa'azi. In an sallame su sai su koma ƙauyukansu da littafi a jaka, ƙauyukan da Bature bai taɓa takawa ba. Daga wannan mazauni ne Mai Sule Biu ya fito, ɗan gidan sarauta da ya zo jinya, ya zama ɗaya daga cikin fastocin farko kuma dattijon ekklesiya.

A nan asirin girman EYN yake. Bature ya kafa tasha, amma mai bisharar ƙauye ne ya kafa ekklesiya. Saurayi ne da ya ɗan yi karatu, a tura shi wani ƙauye da matarsa da fartanyarsa. Da safe ya je gona kamar kowa, da yamma ya tara yara a rumfa ya koya musu baƙaƙe da wasula, ranar Lahadi rumfar nan ta zama wurin sujada. Da yake an haɗa Bura da Margi da Kilba da Kibaku da Kamwe da Fali a ƙarƙashin inuwa ɗaya, Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su, musamman da yake an riga an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Shi ya sa har sunan ekklesiyar da Hausa yake, ko da yake yawancin 'ya'yanta ba Hausawa ba ne.

Sannu a hankali ragama ta koma hannun 'yan ƙasa. A 1955 aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu ake kira TEKAN, 'Yan'uwa suka shiga a matsayin Lardin Gabas. A 1960 aka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki da ke Kwarhi, kusa da Mubi, wadda ke ɗauke da sunan Kulp, inda ake koya wa ɗalibi tauhidi da noma tare, matarsa ma tana nata ajin. Mishan na Basel daga Suwizalan, da ya yi aiki a duwatsun Gwoza, ya haɗa hannu da su. Kulp ya rasu a 1964 bayan ya ba da shekara arba'in na rayuwarsa. A 1972 ekklesiyar ta samu cikakken 'yancin gudanar da kanta, a 1976 kuma ta ɗauki sunan da take amsawa yau. A cikin shekarun nan gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, Turawa suka yi ta raguwa. Wasu sun zaci abin zai yi sanyi. Sai ga shi a lokacin ne ya fi bunƙasa.

Tsarin da aka bi mai sauƙin ganewa ne. 'Yan iyalai kaɗan su fara taruwa a matsayin reshe, in sun yi yawa, suka iya riƙe fasto da kansu, a ba su matsayin cikakkiyar ekklesiya, wato LCC. Ekklesiyoyi da yawa su haɗu su zama gunduma, wato DCC. Sau ɗaya a shekara wakilai su hallara a babban taron da ake kira Majalisa, inda ake zaɓen shugabanni, ake yanke shawara. Amma duk wannan tsari a kafaɗar mutum ɗaya yake sauka kowace safiya, shi ne faston da ke zaune a gidan da ke jikin majami'a.

Wanda bai taɓa kwana a gidan fasto ba yakan ɗauka aikinsa na ranar Lahadi ne. Tun da duhun asuba yake tashi, ya buɗe majami'a don addu'ar safe, inda tsofaffi da mata ke zuwa kafin su wuce gona ko kasuwa. Kafin ya dawo ya sha kunu, akwai mai jira a ƙofar gida. Wata ta zo da jariri mai zazzaɓi, ba kuɗin asibiti. Wani dattijo ya zo a kan rikicin iyakar gona da ɗan ƙaninsa. Saurayi na tsugune gefe, yana jin kunyar faɗin cewa maganar aure ce ta kawo shi. Kowa zai ce, "Baba Fasto, ina kwana," ko da ya girmi faston da shekara ashirin, shi kuma zai amsa wa tsoho da "Baba", ya ba shi kujerar da ta fi kyau.

Hantsi ya yi, sai ya hau babur. Zumunta a ƙafa take, kuma babu inda karin maganar nan ta fi zama gaskiya kamar a aikin fasto. Zai leƙa mara lafiya a asibiti, ya biya gidan makoki ya zauna a tabarma ba gaggawa, ya tsaya gidan wanda aka kwana biyu ba a gani a sujada ba, ya tambayi lafiya kawai, ba faɗa. In ya bi ta ƙofar mai unguwa ko limamin gari ya sauka ya gaisa, domin a garuruwan nan gida ɗaya kan haɗa Kirista da Musulmi, uwa ɗaya uba ɗaya. Da damina kuwa yana da tasa gonar, dawa ko gyaɗa ko wake, saboda albashin da ke fitowa daga baiko da zakka ba kullum yake kai ƙarshen wata ba.

Da yamma ajin masu neman baftisma na jiransa, sannan zaman dattawan ekklesiya, inda za a buɗe littafin kuɗi a yi maganar kwanon rufi da buhunan siminti, domin majami'ar ta yi wa jama'a kaɗan, yara na zama a waje. Daga can gefe ana jin tulun kiɗa da kacau-kacau na Zumuntar Matan Ekklesiya suna gwajin waƙa. Duk faston da ya san aikinsa ya san matan nan su ne ƙashin bayan ekklesiya, su ke dafa abincin taro, su ke kai wa gwauruwa hatsi, su ke fara isa gidan haihuwa da gidan mutuwa. Mama Fasto tana cikinsu, ga nata aikin na karɓar baƙin da ba sa yankewa. Sai dare ya raba, gari ya yi shiru, sannan ya kunna fitila ya buɗe Littafi don shirya wa'azin Lahadi. Bayan 'yan shekaru kuma takardar canjin wuri ta zo, ya ɗaure kaya ya je ya soma daga farko a wani gari.

Da irin waɗannan ranaku, ɗaya bisa ɗaya, ekklesiyar ta bi 'ya'yanta zuwa birane. Ma'aikata da sojoji da ɗalibai da 'yan kasuwa suka kai ta Maiduguri da Yola da Jos da Kaduna da Kano da Abuja da Legas. Sau da yawa a falon wani ake farawa, ko a ajin makarantar firamare. A yau 'ya'yan EYN sun ninka na uwar ɗarikar da ke Amurka sau da yawa.

Sai masifar Boko Haram ta faɗo, kuma tsakiyar ƙasar EYN ta faɗa wa. Daren 14 ga Afrilu, 2014, aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ekklesiya. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar, mayaƙa suka mamaye hedikwatar ekklesiyar da ke Kwarhi, shugaban ekklesiya na lokacin, Rabaran Samuel Dante Dali, da ma'aikatansa suka koma Jos na ɗan lokaci. An kashe dubban membobi, an ƙone ɗaruruwan majami'u, jama'a suka watse, wasu zuwa sansanonin Yola da Maiduguri, wasu suka haye duwatsu zuwa Minawao a Kamaru. Musulmin yankin ma sun sha irin wannan wuta, an rusa masallatansu, an kashe malamansu.

A nan aka ga amfanin abin da aka shuka. Fastocin da suka rasa gida da majami'a da albashi suka bi garkensu zuwa gudun hijira, suka ci gaba da aikin da suka saba, addu'ar safe, ziyara daga tanti zuwa tanti, binne matattu, ɗaurin aure. Aka koma sujada a gindin itace kamar yadda aka fara. Shugabanni suka yi ta jan kunnen matasa kada su rama. A Gurku, kusa da Abuja, wani ma'aikacin ekklesiyar, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin da Kirista da Musulmi 'yan gudun hijira ke zaune tare. Dokta Rebecca Dali ta kafa ƙungiyar da ke tallafa wa gwauraye da marayu ba tare da tambayar addini ba. Jinin bai tsaya nan ba. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an sace shi, a Fabrairun shekarar kuma aka kai wa Garkida kanta hari, aka ƙone majami'u da gidaje.

Duk da haka hedikwata ta koma Kwarhi, aka sake ɗora rufi a kan bangayen da suka ƙone, kuma a wuraren da 'yan hijira suka zauna sababbin ekklesiyoyi suka tsiro. A watan Maris na 2023, ƙarƙashin shugabancin Rabaran Joel Billi, EYN ta yi bikin cika shekara 100. A 2024 Majalisa ta zaɓi Rabaran Daniel Mbaya ya gaje shi.

Tarihi ya riƙe sunan Kulp da Helser, kuma sun cancanta. Amma yawancin waɗanda suka ɗauki nauyin shekara ɗarin nan, masu bisharar ƙauye da fastocin karkara da matansu, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma tsofaffin da suka san su suna ta ƙarewa. Ya kamata kowace ekklesiya ta zaunar da dattawanta tun suna da rai, ta rubuta wanda ya fara tara mutane a garin, da gindin itacen da aka fara taruwa. Kai kuma mai karatu, in kana da fasto a unguwarku, kada ka jira sai ranar da ka shiga damuwa. Ka je ka gaishe shi, ka tambayi lafiyar iyalinsa, ka duba ko akwai hatsi a rumbunsa.